Mako Ɗaya a Ajin CM1 da CM2: Abin da Yaranku Ke Koyo da Hannun da Za Ku Sa

Darasin wannan fitowar na gidajen da ke da yaro ko yarinya a ajin CM1 ko CM2 ne. Mu malaman waɗannan azuzuwa muka shirya shi, domin tambayar da muka fi ji daga bakinku a ƙofar makaranta ita ce: "Malam, wai me yaran nan suke yi ne tun safe?" Hakkinku ne ku san amsar. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa maƙwabcinsa.

Waɗanne azuzuwa ne waɗannan?

Tun daga 2019 da iyalai suka fara tsallakowa daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa nan jihar Maraɗi, sunayen azuzuwa ke rikita mutane. A Nijar firamare, wadda mutanen gari ke ce wa lakwal, shekara shida ce kamar ta Najeriya. Sunaye ne kawai suka bambanta: CI shi ne aji ɗaya, CP aji biyu, CE1 aji uku, CE2 aji huɗu, CM1 aji biyar, CM2 aji shida. Daga CM2 sai kwaleji, inda ake shekara huɗu kafin jarrabawar BEPC.

Ke nan yaron da ke CM yana bakin ƙofa ne. Kuma a daidai wannan lokaci ne gida ya fi bukatarsa: yarinya ta isa ɗaukar jarka da goyon ƙane, yaro ya isa riƙe fartanya da kora akuya. Shi ya sa a waɗannan azuzuwa biyu muka fi fargabar rasa yara.

Makon ɗinke yake

Kusan kullum akwai karatu, rubutu da lissafi. Amma kowace rana tana da kayan da ta fi ɗauka, kuma abin da aka aza ran Litinin a kansa ake ɗora na Talata, har a kai Juma'a. Kamar jeren tubali ne: in aka zare ɗaya daga ƙasa, na sama ba ya zama daidai. Ga yadda muke tafiyar da makon, tare da ɗan aikin da gida zai yi kowace rana. Babu ko ɗaya daga cikin ayyukan gidan da ke bukatar ku iya Faransanci ko ku iya karatun boko.

Litinin: sabon karatu da shukar wake

Bayan shara da ɗaga tuta, mukan fara da tambayoyi kan makon jiya. Sai mu buɗe labarin wannan mako, shafi ɗaya ko abin da bai kai ba. Malam ya karanta, yara su karanta a zuci, sannan su karanta da murya ɗaya bayan ɗaya. Daga cikinsa muke tsamo sababbin kalmomi, mu rubuta a allo, su kwafa a littafinsu, wanda a nan ake kira kaye. Wannan labari shi ne uwar makon: daga cikinsa nahawun Laraba da shiftar Juma'a za su fito.

Yaran da suka fara makaranta a Najeriya sukan yi tuntuɓe a nan, domin haruffan iri ɗaya ne amma muryarsu daban. A Faransanci "ch" ana karanta shi "sh", "ou" kuma "u". Haruffan ƙarshen kalma sau da yawa ba a furta su: "chat", wato kyanwa, "sha" ake cewa. Abin da ke sauƙaƙa musu shi ne, wasulan a, i da o na Faransanci sun fi kusa da na Hausa a kan na Ingilishi. Yaron da ya iya karanta Hausar boko ya riga ya ci rabin hanya.

Kafin a tashi, kowane rukuni na yara yakan shuka waken da ya kwana a jiƙe cikin gwangwani uku. Na farko a ba shi ruwa a ajiye a haske. Na biyu a zuba busasshen wake cikin busasshiyar ƙasa, ba ruwa. Na uku a ba shi ruwa a kife shi da tukunya. Kowa ya rubuta abin da yake zaton zai faru, sai a jira.

Aikin gida: ku ce wa yaro ya ba ku labarin da aka karanta, da Hausa. Wa ke cikin labarin? Me ya same shi? In ya iya faɗa, ya gane. In ya yi ta maimaita Faransanci bai iya juya shi ba, hadda ya yi. Ku gaya mana.

Talata: lissafi

Ranar na farawa da lissafin ka. Kowane yaro na riƙe da ɗan allonsa da alli. Malam ya faɗi tambaya, ya ba da ɗan lokaci, ya buga tebur kowa ya rubuta, ya sake bugawa kowa ya ɗaga allo sama. Da kallo ɗaya za mu ga wanda ya samu da wanda ya ɓata, ko da ajin ya cika maƙil. Saboda haka yaron da ya zo ba ɗan allo ba alli, zama kawai ya zo yi. Allon ya fi jaka muhimmanci.

Abubuwa uku ne ke ba yaranmu wahala a lissafin nan ƙasar. Na ɗaya, ƙirgar Faransanci daga 70 zuwa 99. Saba'in a wurinsu "sittin da goma" ce, tamanin "ashirin huɗu", tis'in "ashirin huɗu da goma". Yaron da ya ji 97 yakan rubuta 4, 20, 10, 7 a jere, domin haka kunnensa ya ji. Na biyu, waƙafi: inda makarantun Najeriya ke rubuta 2.5 don biyu da rabi, a nan 2,5 ake rubutawa. Na uku, kuɗi. A kasuwa da dala ake ciniki, a makaranta da faran, kuma dala ɗaya faran 5 ce. Dala ashirin faran 100, dala hamsin faran 250, dala ɗari faran 500, jikka kuwa faran 1,000. Wanda bai riƙe wannan ba, a aji zai faɗi, a kasuwa kuma a cuce shi.

Ga irin tambayar da muke bayarwa. An aiki yarinya da dala ɗari. Ta sayi sabulu na dala hamsin da sukari na dala talatin. Nawa ne canjinta a faran? Sai ta juya: 500 a hannu, 250 da 150 sun tafi, wato 400, saura faran 100, dala ashirin ke nan.

Aikin gida: duk aiken da za ku yi wa yaro, ku sa ya faɗi canjin tun kafin ya fita, da dala sannan da faran. Ku kun fi shi iya lissafin dala, don haka ku ne malamansa a nan.

Laraba: nahawu, awo da duba na baya

A nahawu yara na koyon yadda aikatau ke sauya kama in aikin ya wuce, in ana cikinsa, ko in yana tafe. Suna kuma koyon jinsin suna. Hausa na raba sunaye namiji da mace kamar Faransanci, don haka abin ba baƙo ba ne gare su, sai dai rabon ba ya faɗawa wuri ɗaya. Mu muna cewa rana ta fito, wata ya tsaya. A Faransanci rana namiji ce, wata mace. Yara kan yi dariya, amma daga ranar ba su mantawa cewa kowace kalma sai an riƙe ta tare da "le" ko "la" ɗinta.

A awo mukan fita waje da igiya mai ƙulli a kan kowace mita. In lambun makaranta tsawonsa mita 8 ne faɗinsa mita 5, darnin da zai kewaye shi mita 26 ne, filin da za a shuka kuma murabba'in mita 40. Yaran kan gauraya waɗannan biyun, sai sun taka kewayen da ƙafarsu sannan bambancin ke zama. Haka muke yi da lita da kilo. Gida mai mutum shida, in kowa zai sami lita 20 a rana, lita 120 ke nan, wato jarka shida mai cin lita 20. In tiyar gero ta kai kimanin kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 zai ba da tiya 40. Gidan da ke cin tiya biyu a rana, kwana nawa buhun zai kai shi? Kwana 20.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ran Laraba muke duba littattafai, mu ware waɗanda karatun Litinin ko lissafin Talata ya bari a baya, mu haɗa kowane da abokin da ya gane. In yaronku ya ce an zaunar da shi rukuni daban, ba horo ba ne, kada ku yi masa faɗa.

Aikin gida: ku buɗe littafinsa da hannunku. Ko ba ku iya karantawa, za ku ga ko an ƙara shafi tun Litinin, za ku ga jan biron malam, za ku ga maki, wanda bisa goma muke bayarwa. Littafin da ya yi kwana uku ba sabon rubutu yana gaya muku wani abu.

Alhamis: tarihi, labarin ƙasa da lafiya

Yara na koyon jihohin Nijar takwas: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Suna koyon ƙasashe bakwai da ke kewaye da ita: Aljeriya, Libiya, Cadi, Najeriya, Benin, Burkina Faso da Mali. Suna riƙe ranar 18 ga Disamba 1958 da aka kafa jamhuriya, da 3 ga Agusta 1960 ranar 'yancin kai, wata biyu kafin ta Najeriya ta 1 ga Oktoba.

Darasin da ya fi sa aji yin tsit shi ne na Gulbin Maraɗi. Muna zana shi a allo: ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa Gulbin Rima. Ruwan da suke gani a nan da damina, wajen garuruwan da yawansu suka baro ya nufa. Tarihi ma haka ya nuna. Katsinawa ne suka kafa sarautar Maraɗi bayan jihadi, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinta. Gobirawa suka kafa Tsibiri, kuma daga Tsibiri aka tashi aka kafa Sabon Birni. Yaron da ya ji wannan yakan daina ganin kansa bare a aji, ɗan gari da ke kusa da shi kuma ya daina yi masa kallon bare.

A darasin lafiya, muna bin cutukan da ke kwantar mana da yara. Suna koyon cewa macen sauro ce ke kawo zazzaɓin cizon sauro, da dare take cizo, a kwantaccen ruwa take ƙwai, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwan ya zama sauro. Saboda haka kifar da tsofaffin gwangwanaye da cike ƙananan ramuka kowane mako, tare da kwana cikin gidan sauro, aiki ne da yaro zai iya. Suna koyon wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayan gida da kuma kafin cin abinci. Suna koyon haɗa ruwan gishiri da sukari don mai zawo: fakitin asibiti shi ya fi, a bi abin da aka rubuta a jikinsa, in babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Muna kuma nanata musu cewa wannan na riƙe mara lafiya ne a kan hanya, asibiti dai dole ne.

Aikin gida: yawancin makarantun allo na hutu ran Alhamis, don haka yamma a sake take. Kaka ko uba ya zaunar da yaro ya gaya masa sunan garinsu, sunan kakanninsa, abin da ake nomawa, ranar da kasuwarsu ke ci. Yaron ya zana taswirar garin a ƙasa ko a takarda. Abu ɗaya muke roƙo: kada a tilasta wa yaro ba da labarin ranar da aka gudo. Mu ma ba mu tambaya a aji. In shi ya kawo maganar da kansa, a saurare shi. In kun ga yana firgita cikin barci, ko ya daina magana da wasa, ku zo mu haɗa ku da masu kula da wannan fanni.

Juma'a: shifta, insha'i da girbin mako

Shifta, wadda yara ke kira dikte, daga labarin Litinin take fitowa. Malam ya faɗa, su rubuta. A nan haruffan da ba a furtawa ke kama mutum: "il parle", yana magana, da "ils parlent", suna magana, a kunne ɗaya suke, a takarda daban. Sai wanda ya zauna nahawun Laraba zai raba su. Bayan shifta sai insha'i, layi takwas ko goma da yaro zai rubuta daga kansa: wasiƙa ga kawu, ko bayanin yadda ake dama kunu daki-daki. Sai ɗan gwajin lissafi kan abin da aka yi cikin makon.

Daga nan a ɗauko gwangwanaye. Na farko ya tsiro. Na biyu shiru. Na uku, wanda yara da yawa suka ce ba zai fito ba, shi ma ya tsiro a cikin duhu. Sai mu bar su zuwa mako mai zuwa, lokacin da za su ga na duhun ya yi tsawo, siriri, fari fat, na hasken kuwa kore shar. Da idonsu za su gane cewa iri ruwa yake bukata ya tsiro, shuka kuma haske take bukata ta rayu. 'Ya'yan manoma ne, sun san wake tun suna goye. Abin da muke koya musu shi ne su yi zato, su gwada, su duba, su rubuta abin da suka gani ko da ya saɓa wa zatonsu.

Sauran lokacin na aikin hannu ne da ban ruwan lambu da motsa jiki. Mukan sallame su da wuri saboda masallaci.

Aikin gida: ku tambaye shi abu ɗaya da ya iya yau wanda bai iya ba ran Litinin. Ran Asabar ko Lahadi, a ba shi rabin awa da rana, tun da haske, ya sake rubuta kalmomin da ya ɓata a shifta.

Abin da fashin rana ɗaya ke ci

Mun san dalilan fashi: ranar rabon kaya, ranar kasuwa, layin famfo, girbin da ke haɗuwa da buɗe makaranta a watan Oktoba. Babu wanda ke hana ɗansa zuwa don ƙeta. Amma ku yi wannan lissafi tare da mu. Yaron da ke fashin rana ɗaya kowane mako, in muka ɗauki mako 30 na karatu, ya rasa kwana 30, wato mako shida cur. Kuma asarar ta wuce haka, domin wanda bai zo Litinin ba, ran Juma'a zai rubuta shiftar labarin da bai taɓa gani ba. Ya sami biyu bisa goma, ya ji kunya, ya fara cewa shi ba shi da kai. Alhali kansa lafiya lau, kujerarsa ce ta kwana ba kowa.

Ga abin da muka ga yana taimako. A ɗebi ruwa da yamma ko da asuba, a raba aikin tsakanin yara maza da mata. Ranar rabo babba ya je layi, in ba hali maƙwabta su yi karɓa-karɓa. Talla ta jira a taso. In fashin ya zama dole, a aiko a gaya mana, yaron kuma ya ari littafin abokinsa ya kwafa a daren.

Iyaye mata, wasu 'yan matan CM sun fara ganin al'ada, kuma da yawa kan zauna gida kwana uku ko huɗu kowane wata ba su faɗa wa kowa dalili ba. Ku yi magana da su, ku kawo maganar wurin malama mace ko ƙungiyar iyaye mata ta makaranta, a asirce za a riƙe ta. Iyaye maza, in an fara kawo maganar auren yarinyar da ke CM, muna roƙon ku zo mu zauna tukuna. Shekara ɗaya ko biyu ta rage mata ta gama abin da ta yi shekara huɗu ko biyar tana ginawa.

"In mun koma gida fa?"

Wasu kan ce mana: me Faransanci zai yi wa yaro a Isa ko Sabon Birni? Allah Ya kawo ranar komawa lafiya. Amma raba 120 gida shida bai san iyaka ba, haka sanin abin da ke kawo zawo, haka iya zama a karanta shafi a gane shi. Yaron da ya saba koyo da wani harshe, sauya masa zuwa Ingilishi ya fi sauƙi a kan wanda ya yi shekara uku bai riƙe alli ba. Harshen kuma ƙari ne ga duk mai ciniki tsakanin ƙasashen biyu. Abin da za ku kiyaye shi ne takardu. Ku adana littattafan yaro da takardun sakamakonsa cikin leda tare da takardunku. Duk ranar da za ku tashi, ku karɓi takardar shaidar karatu daga darakta, domin ita za ta nuna ajin da ya kai. Wanda ɗansa ke CM2 kuma ba shi da takardar haihuwa, ya sanar da darakta tun yanzu, kada a bari sai ƙarshen shekara.

In kuma akwai yaro a gida da ya daɗe da barin makaranta, ko bai taɓa shiga ba, kada ku ce ya girma. Ku kawo shi a gwada shi, a ga inda ya dace a sa shi.

Tambayoyin tattaunawa a gida ko a dandali

1. A cikin kwanaki biyar ɗin nan, wace rana ce yaranmu suka fi fashi, kuma me ke jawo shi?
2. Wane aiki ne a gidanmu za a iya matsar da shi zuwa yamma?
3. Yaushe rabonmu da buɗe littafin yaro?
4. Yaronmu na da ɗan allo, alli, littafi da biro? In babu, wa muka gaya wa?
5. Wane gida ne kusa da mu da ke da yaron CM da ya daina zuwa, kuma wa zai je ya gaishe su?

Ku kawo amsoshinku taron kwamitin kula da makaranta, ko ku tare mu bayan an tashi. Ba sai an kira ku ba, kuma ba sai yaro ya yi laifi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya raya mana su, Ya ba mu zaman lafiya.